Wace unguwa ce ta dace da mai son tattaki da hawan keke a Zariya?

"Assalamu alaikum. An yi mini canjin wurin aiki daga Kano zuwa Zariya, ofishinmu yana wajen unguwar PZ, kusa da GRA. Ni mutum ne da ba na iya zaman ɗaki. Kullum bayan sallar asuba nakan yi tafiyar ƙafa ta kamar awa ɗaya, ranar Asabar in hau keke in nausa bayan gari, kuma ina sha'awar hawan dutse. Uwargida ma takan bi ni wani lokaci, yaranmu biyu. Wani ya ce in nemi gida a Wusasa saboda Dutsen Kufena, wani ya ce Samaru, wani dillali kuma ya nuna mini sabon gida a bakin gari, gabansa fili fetal iya ganinka. Ina ya kamata in kama haya?"

Wa alaikumus salam. Malam, barka da zuwa ƙasar Zazzau, Allah ya sa ka shigo a sa'a. In na fahimce ka, kana neman unguwar da za ka buɗe ƙofa da asuba ka kama tafiya ba tare da ka tada mota ba, wadda kuma ba za ta wahalar da kai wajen zuwa aiki ba, iyali su ma su sake. Aikina awon filaye ne, na shekara da shekaru ina yawo da kayan safiyo a Zariya da kewayenta, kuma ni ma ɗan tattakin asuba ne irinka. Da ido biyu zan duba maka: na mai awo da na mai tafiya.

Bari in fara da gidan da dillali ya nuna maka, don shi ne ya fi ɗaukar hankalinka, na sani, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro.

Filin da ka gani yana da masu shi

A bakin garin Zariya babu fili maras ubangida. Wannan shimfiɗar da ka hango daga ƙofar sabon gidan, mai ciyawa da 'yan itatuwan ɗorawa jefi-jefi, kusan tabbas gonar gado ce da magada suka riga suka yanka fuloti-fuloti. Ka koma wurin kai kaɗai, ka shiga cikin ciyawar ka riƙa duban ƙasa. Za ka fara cin karo da 'yan turakun siminti, tsawonsu bai kai kamu ɗaya a saman ƙasa ba, wani da lamba a ka, wani an shafa masa jan fenti. In ka sami ɗaya, ka taka ƙafa 50 ko 100 a miƙe, za ka iske ɗan'uwansa. In ka ga an jibge yashi tifa guda, ko an jera bulo layi uku an bari ya yi baƙi, magana ta ƙare: gari yana tafe.

Abin ya faru a kaina, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi. Na taɓa kama haya a wata sabuwar unguwa saboda wata 'yar hanyar ƙafa da ta ratsa gonaki ta gangara rafi. Shekarar farko kamar a ƙauye nake, ina jin kukan kurciya da asuba, raɓa tana jiƙa mini ƙafar wando. Ba a daɗe ba aka kira mu awo a gonar da hanyar ta ratsa, da hannuna na kafa turakun. Kafin in bar gidan, hanyar ta koma lungu tsakanin katanga biyu, ruwan wanka yana kwarara a tsakiya, ana zuba shara a ƙarshensa. Masu gona ba su yi laifi ba, haƙƙinsu ne, jama'a kuma suna buƙatar muhalli. Ni ne na ɗora jin daɗina a kan ƙasar da ke jiran mai saye.

Saboda haka abin da nake gaya wa duk wanda ya zo mini da irin tambayarka shi ne ya nemi maƙwabtaka da filin da ba a yi shi don sayarwa ba: harabar jami'a, gonar bincike, filin wasa mai dogon tarihi, gaɓar dam, ko dutse. Zariya ta yi sa'a a nan fiye da garuruwa da yawa, don gari ne na makarantu da cibiyoyi, kowace kuma ta riƙe ƙasa mai faɗi. Wannan ne arzikin mai tattaki a garin nan.

Yadda garin yake a shimfiɗe

Baƙo yakan ɗauka Zariya dunƙule take wuri guda. A gaskiya garuruwa ne da suka taso daban-daban sannan suka haɗe: Birni mai ganuwa, Tudun Wada a wajen Ƙofar Doka, Sabon Gari da ya bunƙasa da zuwan jirgin ƙasa, GRA ta Turawan mulki, sai Samaru can kan hanyar Sakkwato. Kogin Kubanni ya ratso ta harabar jami'a ya bi ta tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari ya faɗa Kogin Galma. Garin yana kan tudu, sama da mita 600 daga matakin teku, ruwan sama kuma yakan kai wajen milimita 1,000 a shekara, daga Mayu zuwa Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta. Kai da ka fito daga Kano za ka ji bambanci: damina ta fi tsawo, ƙasa ta fi riƙe ruwa, laka ta fi danƙo. Hanyar burjin da keke ke gudu a kanta a watan Janairu, a marka sai ka saɓa shi a kafaɗa.

Samaru da abin da ke kewaye da ita

In don tattaki kaɗai ne, ban ga inda ya kai ɓangaren Samaru ba. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan tun 1962, harabarta mai faɗi ce, titunan rukunin gidajen ma'aikata suna da inuwa, motoci ba su da yawa da sassafe. Ga gonakin Cibiyar Binciken Aikin Gona, ga dam ɗin Kubanni a ƙasan harabar. Wanda bai taɓa tsayawa bakin dam ɗin da sanyin safiya a watan Disamba ba, ya rage wa kansa wani abu. Hazo yakan kwanta a kan ruwan, belbelu su taso layi guda, can gefe zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya, masu lambu suna kunna injin ban ruwa. Da ka ga shamuwa ta fara sauka kan dogayen itatuwa, ka san damina ta ƙarato. Uwargida ma a nan za ta fi sakewa, don mata masu motsa jiki ba baƙon abu ba ne a harabar, za ta iske 'yan'uwanta biyu-biyu, uku-uku da hijabansu da takalman gudu, ba mai kallon kowa.

Sai dai akwai abu biyu da masu cewa "je ka Samaru" ba sa ƙarasa maka. Na farko, jami'a tana gefe ɗaya na titi, garin Samaru yana ɗaya gefen, kuma cikin garin cunkushe yake da ɗalibai da shaguna da acaɓa. Inuwar da kake so tana cikin katanga, ƙofa kuma tana da masu tsaro da ƙa'idarta, wadda kan tsananta ko ta sassauta gwargwadon hali. Kai ba ma'aikacinsu ba ne, don haka kafin ka biya kuɗin haya ka je ƙofar da kanka da ƙarfe shida na safe, ka gaisa da masu gadi, ka ji yadda ake shiga. Na biyu, daga Samaru zuwa PZ kusan kilomita 10 ne a kan titin da ba ya hutawa, sai ka ratsa Kwangila, inda hanyar Kaduna zuwa Kano ta gitta ta Sakkwato. Awa ɗayan da ka ware wa tattaki, in ba ka yi lissafi ba, hanya ce za ta riƙa gutsurarta har ta cinye.

Tsakanin Samaru da Kwangila akwai Zango da Palladan, inda Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama take tun 1964. Filin jirgin ba wurin yawo ba ne, a killace yake, amma ya hana gini ya toshe sararin wannan ɓangaren, iska tana wucewa. Mai keke zai so nan, don ta hanyar Basawa ko ta bayan Samaru wajen Bomo, cikin ɗan lokaci ka bar kwalta ka shiga tsakanin gonakin masara.

Wusasa da maganar Kufena

Wanda ya ce maka Wusasa bai yi ƙarya ba. Unguwa ce mai natsuwa da tsofaffin itatuwan mangwaro, ga tsohon cocin mishan na ginin ƙasa da asibitinsu, a nan Janar Yakubu Gowon ya tashi. Kufena kuwa yana tsaye a bayanta. In ka hau ka zauna a kan falalen dutsen da hantsi, Zariya gaba ɗaya tana ƙasanka, kana hango rimayen cikin Birni sun yi wa rufin kwano zarra, a gindin dutsen kuma akwai ragowar tsohuwar ganuwa da ke nuna mutane sun zauna nan tun kafin Birnin yanzu ya cika.

Amma ka tambayi kanka sau nawa za ka hau shi. Ni da nake ƙaunarsa, in na hau sau biyu a wata na yi ƙoƙari. Da damina dutsen yakan yi gansakuka, santsinsa kamar an zuba karkashi, in hadari ya haɗo kuma ba wurin tsayawa ba ne saboda tsawa. A bazara, Maris da Afrilu, kafin ƙarfe tara ya ɗau zafin da ba ka iya dafa shi da tafin hannu. Akwai ƙudan zuma a wasu ramukan dutsen, akwai macizai a ciyawar gindinsa. Lokacinsa na gaskiya daga kaka ne zuwa ƙarshen hunturu. Abin da za ka yi 'yan lokuta a shekara bai kamata ya zaɓa maka inda za ka kwana kullum ba. Daga ko'ina a Zariya za ka iya zuwa Kufena ranar Asabar, ku yi ƙungiya ku uku ko huɗu, ku nemi ɗan unguwar ya yi muku jagora a hawan farko. Tafiyar asubar kowace rana ita ce ba ta yiwuwa sai daga ƙofar gida. Ka kuma lura da babban titin Kaduna zuwa Kano da ya wuce ta Ɗanmagaji: in gidan da aka nuna maka sai ka tsallaka shi kafin ka kai inda za ka yi tafiya, da duhun asuba, tireloli suna gudu, ka haƙura da gidan komai kyansa.

GRA da kewayenta

Ga mai aiki a PZ, nan ne lissafi ya fi fita. Titunan GRA masu faɗi ne, an dasa musu itatuwa tun zamanin Turawa, manyan maɗatai da dalbejiya sun haɗe a sama, ga filin folo da ya bar sarari a tsakiya. Za ka iya tsara zagaye na awa ɗaya ba ka hau babban titi ba, ka dawo ka yi wanka ka isa ofis cikin 'yan mintoci, in ka so ma a kan kekenka. Da asuba za ka riƙa haɗuwa da dattawa 'yan fansho da carbi a hannu, da masu doki suna fito da dawaki motsa jini. Aibinta kuɗi. Haya tana da tsada, kuma ita ma ana ta yanka manyan filayen tsofaffin gidaje ana gina ƙanana, ana sare itatuwa, abin da ke ci mini rai duk lokacin da na wuce na ga kututturen maɗacin da ya girme ni. Duk da haka titunan suna nan, ba mai gina gida a kansu.

Dabarar da nake ba masu matsakaicin ƙarfi ita ce kada su nace sai cikin GRA. Ka nemi gida a unguwannin da suka jingina da ita, ta ɓangaren Hanwa ko gefen Sabon Gari, inda tafiyar minti goma za ta shigar da kai inuwar. Ka biya hayar talaka, ka sha iskar masu hali.

Birni, Tudun Wada da sauransu

Cikin Birni yana da daɗin tafiya irin nasa: ka fita ta Ƙofar Doka ko Ƙofar Kuyambana, ka bi gefen abin da ya rage na ganuwa, ka leƙa Dutsen Madarkaci, ka wuce masu kunu da ƙosai suna hura wuta. Na fi son in kai baƙo can ranar hutu. Amma lunguna matsattsu ne, ga kududdufai, keke ba ya sakewa, uwargida kuma za ta ji nauyin ratsa majalisun maza kullum da kayan motsa jiki. Tudun Wada da tsakiyar Sabon Gari na kasuwa ne da hada-hada. Gyallesu da Kongo da wajen Gaskiya, inda Kwalejin Barewa take, suna da 'yan wurare masu kyau kusa da makarantu, sai dai layi ya bambanta da layi, sai an taka. Ta hanyar Jos kuma, wajen Dakace, akwai fadamar Galma mai rake da lambuna, mai daɗin keke da rani, amma kada ka kama gida a gangaren fadama don kyan gani, sauro da ambaliya suna jiranka a Agusta.

Maganar tsaro

Ba zan ɓoye maka ba, "in nausa bayan gari" ɗin nan naka yana buƙatar gyara. A 'yan shekarun nan, musamman 2021, masu garkuwa da mutane sun shiga wasu unguwannin gefen gari da makarantu a Zariya, kuma gidan da ya fi fuskantar haɗari shi ne na ƙarshe, wanda bayansa daji ne, wato irin wanda dillali ya nuna maka. Al'amarin yakan lafa ya kuma taso, abin da na faɗa yau yana iya canzawa kafin ka tare, don haka labarin da za ka dogara da shi na mai unguwa ne da 'yan sintiri da limamin masallacin layin. Ka tambaye su kai tsaye, ba kunya a ciki. A keke kuwa, ni ba na wuce Shika in nufi yamma ni kaɗai, ba na fita sai gari ya waye sosai, kuma a gida sun san hanyar da na bi da lokacin dawowata. In ka shiga ƙauye ka sauka ka yi sallama, ka sayi gyaɗa ko rake, su san fuskarka. Ranar da tayarka ta yi faci, su ne za su nuna maka mai gyara.

Yadda za ka gwada unguwa kafin ka biya

Dillali da rana tsaka yake kai mutum, lokacin da kowace unguwa take barci. Kai ka je sau uku ba tare da shi ba. Ka yi sallar asuba a masallacin layin, ka fito ka yi ainihin tafiyar da kake son yi, da agogo a hannu. Minti goma sha biyar na farko su ne alƙali. Kana tafiya a gefen titi ne ko a cikin lambatu? Akwai karnukan da ake saki da dare ba a ɗaure su ba tukuna? Ka haɗu da wasu masu tafiya, ko kai kaɗai ne kamar maye? In akwai mata da tsofaffi a hanya a wannan lokacin, unguwar ta ci jarrabawa mafi wuya. Sannan ka koma bayan magariba ka shaƙi iskar: a hunturu hayaƙin bola da na janareto yakan kwanta a unguwannin da ke kwari ya ƙi tashi, ya haɗu da ƙura, ka wayi gari maƙogwaro yana kartar ka. In kai ko yaro yana da asma, wannan maganar likita ce, ka nemi shawararsa, amma hancinka ma zai gaya maka rabin amsar.

Zuwa na uku bayan ruwan sama mai ƙarfi ne. In da rani kake nema, ƙasa ba ta ɓoye abin da damina ta yi mata. Duba gindin katangu, za ka ga layin da ruwa ya tsaya, launinsa ya bambanta da na sama. Duba ko an ɗaga dokin ƙofa da bulo biyu, ko akwai ruɓaɓɓun buhunan yashi a bakin gidaje, ko tsakiyar layin ya zaizaye ya yi kwari. Mai shayi da mai facin taya da 'yan ga-ruwa sun fi kowa sanin wannan, kuma ba su da kamasho a cinikin. Ka tambayi 'yan ga-ruwa nawa suke sayar da kura a watan Afrilu, daga nan za ka gane ko rijiyoyin layin suna ƙafewa. Mutumin da ke dawowa jiƙe da gumi kullum, ga wankin kayan motsa jiki, ruwa ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa.

Cikin gidan ma ka duba inda keke zai kwana. Na ga wanda ya kama bene hawa na biyu, watansa uku yana saɓa keke a matakala, a na huɗu ya jingine shi a baranda har taya ta sace, sarƙa ta yi tsatsa. Gida mai zaure ko ɗan tsakar gida a ƙasa ya fi maka, yara ma su sami wurin guje-guje.

Da ni ne kai

Da ni ne a matsayinka, ofis a PZ, mata da yara biyu, zan fara nema a GRA da unguwannin da ke manne da ita. In aljihu bai kai ba, ko in keke ya fi tafiyar ƙafa muhimmanci a wurinka, sai in koma Palladan ko Zango, in riƙa shiga ɓangaren jami'a da ƙarshen mako. Wusasa zan bar ta a ta uku, sai in makarantar yara ko wani dalili ya ja ka can. Sabon gidan bakin gari kuwa zan ce wa dillali na gode. Wannan ra'ayin mai awo ne da ke auna ƙasa da ƙafa, bai san nauyin aljihunka ko inda yara za su yi karatu ba, waɗannan kai da uwargida za ku zauna ku yanke.

Kome ka zaɓa, ka biya hayar shekara ɗaya kawai, kada ka yi saurin sayen fuloti ko biyan shekara biyu don an rage maka wani abu. Ka bari damina guda da hunturu guda su wuce a kanka a gidan. Kafin ka taho kuma, ka sa wa keken tayoyi masu kauri, ka riƙe famfo da kayan faci a jaka, don da kaka hanyoyin gonakin Bomo da Basawa cike suke da ƙaya, ga kututturen karan dawa da aka sare a karkace, kaifinsa kamar wuƙa.